Madubi ko kwamfuta: wanne ya fi gane tsutsar ciki?

'Yar'uwa, kin tambaya cewa tunda madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman ƙananan abubuwa yana nuna ƙwan tsutsa, me ya kawo wahalar karanta DNA ɗinta, wato bayanan gadon halittarta, da kwamfuta? Na ji daɗin tambayar nan, domin kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Madubi gwanin ƙirga ne. A hanyar Kato-Katz, ana ɗibar bayan gida miligiram 41.7, a shimfiɗa a kan gilashi, a ƙirga ƙwai, a ninka sau 24, sai a san yawansu a giram ɗaya. Ga arha, ga sakamako a ranar. Amma ido yana da iyaka. Ƙwan tsilar naman shanu da na tsilar naman alade kamar an tsaga kara suke, alhali ta aladen ce idan mutum ya haɗiye ƙwanta, 'ya'yan kan iya kaiwa ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya.

A nan kwamfuta ke shigowa. Ana ciro DNA, a karanta wani guntu a matsayin jerin haruffa A, C, G da T, a zuba shi cikin manhajar BLAST, ita kuma ta gwada shi da abin da ke GenBank, rumbun da ake adana jerin DNA na halittu. Galibi guntu biyu ake dubawa: cox1, wanda ake gada daga uwa kaɗai, da ITS, mai zuwa daga iyaye biyu. Da tsargiya ta ɓulla a tsibirin Kosika na Faransa a 2013, haɗa biyun ne ya tona asiri: a wasu tsutsotsin, cox1 ya ce ta shanu ce, ITS ya ce ta mutane. Ashe ruwa biyu ne. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Haka ma bijire wa magani. A tsutsar tumaki Haemonchus contortus, sauyin harafi ɗaya, TTC ya koma TAC, yana rage tasirin magunguna dangin albendazole, kuma madubi ba zai ga harafin ba.

Sai dai aikin da tsada, kuma kwamfuta abin da aka zuba mata kawai ta sani. In wani ya ajiye jeri a rumbun da sunan kuskure, haka za ta maido miki shi. Shi ya sa nake ba ki shawara, ki fara ƙirga ƙwai da madubi, ki kuma adana wani kaso na samfurin a cikin etanol domin karatun DNA.