Haddar rubutun wasu ko gwada naka?

Mai zana GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko, minti 30 kacal gare shi a sashen rubutu ya rubuta ra'ayinsa kan batu ɗaya. Wasu kan haddace rubuce-rubucen da suka ci maki sosai. Hadda tana nuna maka tsarin sakin layi, tana kwantar da hankali, amma da zarar tambaya ta sauya salo sai ka rasa madafa.

Ni dai na fi son ɗaya hanyar. Ka ɗauki magana kamar "fasaha ta rage wa mutane tunani", ka saita agogo, ka tambayi kanka: waɗanne mutane? Ina hujja? Me mai ja da ni zai ce? Da farko rubutun kan fito a hargitse, ga gajiya. Amma makin, daga 0 zuwa 6, ƙarfin hujjarka yake bi.