Porsche 911 da Corvette C8 a kan titin Jabal Hafit

Duk wanda ya dubi takarda kawai zai ce Corvette ce gaba. Injinta V8 ne mai lita 6.2, ƙarfin doki 495, ita kuwa 911 Carrera da na tuƙa silinda shida gare ta, lita 3, ƙarfin doki 385, ga ta kuma ta fi tsada. Na ɗauki hayar su biyun a Dubai na hau da su titin dutsen Jabal Hafit da ke birnin Al Ain, mai tsawon kusan kilomita 12 da kwana-kwana kusan 60, kuma 911 ce ta kwanta mini a rai.

Sitiyarinta ne dalili. Injin 911 yana can bayan tayoyin baya, don haka gabanta ba nauyi, duk abin da tayar gaba ta taka sai ka ji shi a tafin hannunka, har tsakuwar da iska ta watso kan kwalta. In ka shigo kwana sai ka riƙe birki kaɗan don nauyi ya dawo gaba, hancinta ya kama, da ka ga mafita ka taka totur. Nan take nauyin injin zai danne tayoyin baya, ta fice ba ko zamewa. Tana so ka koye ta, amma da ka gane halinta za ka ji ranka ya natsu.

Corvette ba kanwar lasa ba ce. A samfurin 2020 kamfanin Chevrolet ya mayar da injinta tsakiya, bayan kujerar direba, kuma hakan ya gyara mata zama a kwana ƙwarai. Rurin injinta kaɗai ya isa ya sa mutum murmushi. Sai dai sitiyarin nata, mai kusurwa kamar faranti, bai cika gaya maka abin da ke ƙasa ba. Tana juyawa da sauri, kai dai ka yarda da ita kawai. Ga faɗi, a kwana mai matsi kullum hankalina na kan gefen titi.

Wajen jin daɗin zama kam ta ba ni mamaki. Shokozobanta na maganaɗisu yana shanye gargada fiye da na Porsche, wadda ƙarar tayoyinta na baya ke cika kunne a doguwar hanyar komawa Dubai. Amma jeren maɓallan da ya raba direba da fasinja ya sa abokin tafiyata ya zama kamar baƙo a motar, kuma ganin baya sai da kyamarar madubi.

Corvette but biyu gare ta, gaba da baya, kimanin lita 357 gaba ɗaya. Na bayan yana ɗaukar zafin inji, kada ka sa dabino ko turare a ciki, in kuma ka cire rufin motar can zai kwanta ya cinye wurin. Na 911 lita 132 ne kacal a gaba, sai dai tana da ƙananan kujeru biyu a baya. Babba ba zai zauna a kansu ba, amma yaro zai zauna, jaka da sallaya ma su samu wuri. Gilasanta manya ne, kana ganin ko'ina, fakin a cikin cunkoson unguwar Deira da ke Dubai bai ba ni wahala ba.

Kowacce ka zaɓa, ka nemi mai na'urar ɗaga gaba, domin duk biyun ƙasa-ƙasa suke, tudun rage gudu ɗaya zai iya karce haɓarsu. Mai son ƙarfi da ƙara da sauƙin farashi ya ɗauki Corvette. Ni da zan saya in riƙa hawa kullum, 911 zan ɗauka.