Akwatin ƙwallayen harhaɗa molikul: ya iya nuna siffa, amma ba haka zarra take ba

Masu tambaya ko akwatin nan na ƙwallayen roba da ake harhaɗa molikul (wato zarra biyu ko fiye da suka ɗaure da juna) da su ya cancanci a saya wa ɗalibi, amsata dai e ya cancanta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne zai sa rubutun nan ya ɗan yi tsawo sai ku yi haƙuri. Ba zan kama sunan kamfani ba don kusan duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, akwatin roba mai gida-gida a ciki, ƙwallaye kala-kala masu huji, sanduna gajeru da dogaye, sai wata 'yar roba ta zare sanda idan ta maƙale, sai kuma 'yar takardar bayani da ba ta cika amfanar kowa ba.

Kalolin nan ba son ran mai kamfani ba ne. Baƙi kabon ne, fari haidirojin, ja oksijin, shuɗi naitirojin, rawaya salfa, kore kuma kulorin, kuma duk inda ka je a duniya ka ga hoton molikul a littafi ko a kwamfuta kusan haka za ka tarar. Ana kiran tsarin CPK, daga sunayen Robert Corey da Linus Pauling da suka ƙera irin nasu samfurin a Caltech ta Amurka a farkon shekarun 1950, da Walter Koltun da ya zo ya inganta shi daga baya. Amma tun kafin su, a 1865, wani Bajamushe August Hofmann ya nuna wa jama'a irin waɗannan ƙwallaye a wata lacca a Landan, sai dai shi methane ɗinsa a shimfiɗe take, kabon a tsakiya haidirojin huɗu a gefe kamar alamar tarawa ta lissafi. To abin dariyar shi ne har yau haka ake zana ta a allo, kuma haka yawancin ɗalibai ke ɗauke da ita a kai har su gama makaranta.

A nan ne akwatin ya biya kuɗinsa wallahi. Ɗauki baƙar ƙwallo ɗaya ka duba hujinta huɗu, ba a jere suke a zagaye ba, kowane biyu akwai kusurwar digiri 109.5 tsakaninsu, kana soka fararen ƙwallaye huɗu za ka ga abin ya ƙi kwanciya a tebur, ƙafa uku a ƙasa ɗaya ta miƙe sama, ka juya shi ta ko'ina haka zai zauna. Ɗalibin da ya riƙe wannan a hannu na minti ɗaya ba ya sake mantawa, wanda kuwa aka ce ya haddace "dala mai fuska huɗu" ba tare da ya taɓa ba, sai dai ya rubuta a jarrabawa ya wuce. Wannan siffar Jacobus van 't Hoff na ƙasar Holan ne ya kawo ta a 1874 yana ɗan shekara 22, shi da wani Bafaranshe Joseph Le Bel kowa nasa daban a shekara ɗaya, kuma wasu manyan malamai na lokacin sun yi masa dariya sosai. Shi ne dai ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901, ko da yake a kan wani aikin daban aka ba shi.

Dalilin kusurwar kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne, ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da cibiyar zarra, duk caji iri ɗaya ne da su, suna ture juna, don haka tagwayen ilektoron huɗu da ke kewaye da kabon kowanne na neman ya yi nesa da ɗan'uwansa iyakar iyawa, nisan da ya fi kowanne shi ne 109.5 ɗin nan. Sai ka haɗa ruwa, ja ɗaya fari biyu, ka ga ya lanƙwashe, kusurwarsa ta gaskiya 104.5 ce saboda oksijin na da tagwayen ilektoron biyu da ba su shiga ɗauri da kowa ba amma suna nan suna cin wuri suna matse sauran. Amoniya wajen 107. Shi kuwa kabon dayoksaid a miƙe yake sambal, digiri 180. Ka ajiye su biyun gefe da gefe, ruwa da kabon dayoksaid, ka tambayi yaro me ya sa ruwa da nauyin molikul ɗinsa 18 ne kawai yake zama ruwa har sai ya kai digiri 100 kafin ya tafasa, shi kuma mai nauyin 44 iska ne, daga nan hira ta buɗe kan yadda lanƙwasar ta sa gefe ɗaya na ruwa ya fi ɗaya caji har molikul ɗin ke manne wa juna. Gaskiya wannan darasin da baki kawai yana da wuyar shiga.

Wani abin da na fi so ma shi ne wasan sauya wuri. Ware ƙwallaye tara, baƙi biyu fari shida ja ɗaya, ka ce a haɗa su duka ba tare da an bar huji ko ɗaya a buɗe ba. Hanya biyu ce kawai. Idan ja ta zauna a ƙarshe da fara ɗaya a jikinta ka samu ethanol, wanda ke cikin sanitaiza, yana tafasa a digiri 78, idan kuwa ja ta shiga tsakanin baƙaƙen biyu ka samu dimethyl ether, shi kuma iska ne, tafasarsa tana ƙasa da sifili da wajen digiri 24. Ƙwallaye iri ɗaya adadi ɗaya, jeri ne kawai ya bambanta, kuma bambancin ya haura digiri ɗari.

Sai batun madubi, wanda ni a ganina shi kaɗai ma ya isa dalilin sayen akwatin ga duk mai karatun kemistirin kabon ko haɗa magunguna. Soka wa baƙar ƙwallo kaloli huɗu mabambanta, ka haɗa wata ta biyu da za ta zama kamar hoton ta farko a madubi, sannan ka yi ta juya su kana neman su dace da juna kala kan kala. Ba za su taɓa dacewa ba, kamar takalmin dama da na hagu ne, komai nasu ɗaya amma ba ka sa wannan a ƙafar wancan. Louis Pasteur ya fara cin karo da abin a 1848 lokacin da ya zauna yana tsince ƙananan duwatsun gishirin tartaric acid ɗaya bayan ɗaya yana raba masu kallon dama da masu kallon hagu, tun ba a san dalili ba. Jikinmu ma yana da zaɓi a nan, amino acid ɗin da ake gina furotin da su kusan duk ɓangare ɗaya ne, shi ya sa magani na iya aiki da siffa ɗaya, ɗaya siffar kuma ta zama ba ta da amfani ko ma ta yi wani abin daban. A takarda ana nuna wannan da layi mai kauri da layi mai ɗigo-ɗigo, kuma na ga masu ƙwaƙwalwa sosai suna ruɗewa a wurin, amma da ƙwallo a hannu ba a jayayya.

Dogayen sanduna masu lanƙwasuwa na ɗauri biyu ne da ɗauri uku, su ma sun yi, don kana haɗa kabon biyu da sanda ɗaya za ka ji suna juyawa yadda ka so, kana sa biyu sun kafe. Haka zoben kabon shida na cyclohexane, da kansa yake ƙin kwanciya ya koma siffar da ake kira kujera.

To yanzu sharaɗin. Akwatin nan na siffar molikul ne, ba na zarra ba, kuma idan aka miƙa wa yaro ba tare da an gaya masa haka ba zai tashi da tunanin cewa ƙwayar zarra wata dunƙulalliyar ƙwallo ce mai tauri da huji a jiki, wato tunanin John Dalton na farkon shekarun 1800, an mayar da shi baya shekara ɗari biyu ke nan. Tun 1897 J. J. Thomson ya gano ilektoron, ya nuna zarra na da abubuwa a cikinta. A 1909 a Manchesta Hans Geiger da Ernest Marsden suka riƙa harba ƙwayoyin alfa kan siririn fallen zinare, kusan duk suka ratsa suka wuce abinsu, 'yan kaɗan ƙwarai ne suka dawo baya, daga nan Ernest Rutherford ya fito a 1911 ya ce ai nauyin zarra da cajinta na fositif (+) duk sun taru ne a wata 'yar mitsitsiyar cibiya, sauran duk fili ne na ilektoron. Sama da kashi 99.9 cikin ɗari na nauyin yana cibiyar nan, don furoton ɗaya, wato ƙwayar da ke cikin cibiyar, ya ninka ilektoron nauyi sau 1836. Idan da za a ce ƙwallo ɗaya ta cikin akwatin, mai faɗin wajen santimita biyu, ita ce cibiyar haidirojin, to zarrar kanta faɗinta zai haura kilomita ɗaya. Ka ga ke nan babu wani akwati da zai iya nuna wannan, ban kuma ga laifinsu a kai ba, laifin da na gani shi ne takardar da ke ciki ko layi ɗaya ba ta yi a kan haka ba.

Kuma ko hoton nan na Niels Bohr na 1913, mai ilektoron suna zagaya cibiya a kan da'ira, shi ma an wuce shi tun 1926 da lissafin Erwin Schrödinger, yanzu maganar ita ce inda ake da yiwuwar samun ilektoron, wani gajimare-gajimare marar takamaiman iyaka. Ƙwallon roba kuwa iyakarta a fili take, kana iya ƙwanƙwasa ta da farce.

Nutiron, ƙwayar cikin cibiya marar caji wadda James Chadwick ya gano a 1932, shi ma babu shi a labarin akwatin sam. Kabon-12 da kabon-14 duk baƙar ƙwallo ɗaya ce, alhali na biyun yana da ƙarin nutiron biyu kuma yana rubewa a hankali, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5730, da shi ake auna shekarun tsoffin ƙasusuwa da katako. Duk wanda matsalarsa ita ce isotof, wato irin wannan bambancin na adadin nutiron, ko jerin ilektoron ko dalilin da ya sa teburin sinadarai na Mendeleev na 1869 ya jeru yadda ya jeru, wannan akwatin ba zai yi masa komai ba, ya nemi wani abin.

Ita ma sandar tana yaudara. Ɗauri ba sanda ba ne, ilektoron ne da zarra biyu ke tarayya a kansu, kuma akwai wuraren da sanda ke faɗin abin da ba haka ba ƙarara. Benzin, mai kabon shida a zobe, dole akwatin ya sa ka jera ɗauri ɗaya, ɗauri biyu, ɗauri ɗaya, ɗauri biyu kamar yadda Kekulé ya zana a 1865, amma da aka auna duk shidan tsawonsu ɗaya ne, wajen fikomita 140 (fikomita kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita), tsakanin 154 na ɗauri ɗaya da 134 na ɗauri biyu. Gishiri kuwa ya fi muni, don na ga hoton wani a intanet ya soka ƙwallon sodiyam da ta kulorin a sanda ɗaya wai ga molikul ɗin gishiri, alhali dutsen gishiri ba haka yake ba, sodiyam ya ba da ilektoron ɗinsa ne gaba ɗaya, kowane sodiyam na kewaye da kulorin shida kowane kulorin na kewaye da sodiyam shida haka har ƙarshen dutsen. Ƙarfe ma kar a fara, nasa ilektoron ɗin yawo suke a ko'ina.

Ta ɓangaren ƙira, robar ƙwallayen tana da ƙarfi ba ta fashewa ko ta faɗi, sandunan dai suna da tauri sosai idan sababbi ne, musamman gajerun nan da ke manne ƙwallo da ƙwallo, sai yatsa ya yi ja kafin ka zare, don haka ku duba lallai akwai 'yar robar zarewa a ciki kuma kar a sa haƙori. Da amfani suna sakin jiki, wasu har su yi sako-sako babban molikul ya riƙa zubewa idan an ɗaga. Kalolin da ba a cika amfani da su ba kamar na fosfaras da na ƙarafa suna bambanta daga akwati zuwa akwati, wannan ba wata matsala ba ce in dai an san adadin hujin kowacce.

Kafin ku saya kar adadin da aka rubuta a jikin kwali ya ruɗe ku, don da sanduna ake ƙirgawa kuma su ne suka fi yawa. Ku ƙirga baƙaƙe da farare. Gulukos kaɗai yana cin kabon 6 da haidirojin 12 da oksijin 6, kuma in ana son gwajin madubi sai an haɗa abu biyu a lokaci guda, don haka ƙaramin akwati mai kabon biyar ko shida nan da nan zai gaza. Ku duba kuma ko akwai naitirojin mai huji huɗu ban da mai uku, da ƙwallo mai huji biyar da mai shida, in ba haka ba siffofin da suka wuce dala mai fuska huɗu ba za su haɗu ba, wasu akwatunan har da 'yan faifai na nuna tagwayen ilektoron da ba su shiga ɗauri ba, in kun samu irinsa ku ɗauke shi ya fi. Fararen ƙwallayen haidirojin ƙanana ne sosai kuma su ne ke fara ɓata, gidan da ke da yara masu kai komai baki a ajiye akwatin a sama a rufe.