Esfireson Volta a wani ƙaramin shago na Osu

Ghana ƙasar koko ce, ta biyu a duniya bayan Kwaddibuwa, shi ya sa mutane da yawa a Accra ba su ma san ana noman kofi a ƙasar ba. A unguwannin Nima da Maamobi, kofi shi ne garin Nescafé da mai shayi ke kaɗawa da madarar gwangwani, a haɗa da burodi da ƙwai. Amma a tsaunukan yankin Volta, wajen Hohoe da Leklebi, manoma sun daɗe suna noman irin da ake kira robusta, kuma kamfanoni irin su Kawa Moka sun fara gasa shi a gida maimakon a fitar da shi ɗanye.

Shagon da nake magana a kansa yana wani lungu da ke bayan titin Oxford a unguwar Osu ta Accra, kuma abin da ya bambanta shi da manyan wuraren shan kofi na Airport City shi ne ya dogara da kofin Volta. Masana sukan raina robusta, suna cewa ɗacinsa ya yi yawa kuma bai kai ɗayan irin kofin, wato arabika, ƙamshi ba. Gaskiya ne yana da ƙarfi, domin sinadarin da ke hana barci a cikinsa ya kusan ninka na arabika, sai dai a nan an nuna cewa idan an gasa shi da kula, aka kuma niƙa shi a lokacin da za a sha, ɗacin yana zuwa da ɗanɗano mai kama da gasasshiyar gyaɗa da ɗan koko.

Matashiyar da ke kan injin esfireso, wato kofi mai ƙarfi da ake tatsowa da matsin ruwan zafi, ta san aikinta. Tana auna garin a ƙaramin sikeli, ta danna shi da ƙarfi har samansa ya yi sumul, sannan ta bar ruwan zafi ya ratsa shi na kusan daƙiƙa 25 zuwa 30, wanda shi ne ƙa'idar da aka gada daga Italiya. Abin da ke sauka a ɗan kofin bai wuce kurɓa biyu ba, da kumfa mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, wadda ba ta watsewa da wuri. Robusta dama ya fi arabika ba da irin wannan kumfa. Masu shagon suna kuma rubuta ranar da aka gasa kofin a jikin kowace jaka, abin da shaguna da yawa ba sa yi.

Inda suka gaza shi ne wajen haɗi da madara. Kafucinonsu yakan zo da zafi fiye da kima, madarar ta ɗan ƙone, ta danne ɗanɗanon da aka zo nema, don haka na fi ba da shawarar a sha esfireson zalla, ko a ce a ƙara masa ruwan zafi kaɗan. Farashin ma ba na kowa ba ne, domin kuɗin kofi ɗaya zai ishi mutum cikakken karin kumallo wurin mai shayi har ya samu canji.

Wurin ƙarami ne, kuma da rana masu aiki da kwamfuta sukan mamaye kujerun, kowa ya yi shiru, saboda haka wanda ya saba da hirar majalisar ataya ba zai sake ba. Da safe kafin ƙarfe tara aka fi samun wurin zama, kuma suna niƙa wa mai saye kofi gwargwadon irin tukunyar da yake amfani da ita a gida.