Mai gyaran famfon da ya hana a fasa min tayil

Wata uku na yi ina zargin yara da 'yar aikina a kan ruwa. Da yamma a kunna samo, injin da ke jawo ruwa daga bohol, tankin sama ya cika har ya yi ambaliya, amma kafin gari ya waye famfon kicin sai huci. Tankin nan lita 2,000 yake ci, mu kuwa mu takwas ne a gidan, har da kakar yara wadda bokiti ɗaya ya ishe ta wuni. Na yi faɗa har na gaji. Ashe ɓarawon yana banɗakin falo, babu wanda ya taɓa yi masa kallon tuhuma.

Ba ma ruwan ne ya sa na nemi mai gyara ba, wari ne. Cikin watan Agusta, da damina ta kankama, banɗakin yara ya fara wani irin tashi da Izal da turaren wuta suka kasa. In an kora ruwa sai ya taso har kusa da baki, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya sauka a hankali yana ɓulɓul. Ranar da surukata ta shiga ta fito da mayafi a hanci, ba ta ce min komai ba, ranar na san zama bai gan ni ba.

Na farkon da aka turo min daga bakin ƙofa ya yanke hukunci. Ko hannu bai sa ba ya ce bututun ƙasa ya fashe, sai an ɗaga tayil tun daga banɗaki har tsakar gida, a sake masan ma gaba ɗaya. Kafin nan kuma in ba da kuɗin asid a zuba. Na kira maigidan, yana hanyar Abuja, ya ce kar a taɓa komai tukuna, a nemo wani. Na biyun wani mai shagon kayan famfo a Ƙofar Ruwa ne ya haɗa babban ɗana da shi, kuma a kansa nake wannan rubutu.

Bari in fara da laifinsa don kar a ce kuɗin talla ya ba ni. Ya ce ƙarfe goma, bai zo ba sai bayan azahar. Wayarsa kuwa in ka kira sau biyar ka yi sa'a ya ɗaga sau ɗaya. Amma da ya yi sallama ɗana ya shigo da shi, shi da yaronsa mai ɗauke da jaka, abin da ya fara yi shi ne tambaya. Tun yaushe? Banɗaki ɗaya ne ko duka? Yaushe rabon da a kwashe sokawe? Sai kuma ya ce, "Hajiya, akwai mai goyo a gidan nan?" Na ce ƙanwata ta yi mana wankan jego kwanaki, me ya haɗa goyo da famfo? Ya yi murmushi ya ce, "Za mu gani, in sha Allahu."

Da na ambaci maganar tankin sama, sai ya ce a ba shi bula, wadda ake sa wa fararen kaya. Ya buɗe murfin ƙaramin tankin da ke bayan masan falo ya zuba kaɗan, ya ce kar kowa ya danna. Bayan kamar minti 15 muka leƙa, ruwan cikin masan ya koma shuɗi. Ya nuna min wata 'yar roba a gindin tankin, wadda aikinta ta toshe ruwa har sai an danna. Ta bushe, ta yi kanta, bakinta ya karkace, ruwa yana silalewa ta gefenta dare da rana ba tare da ƙara ba. Tankin yana raguwa, ƙwallon robar da ke yawo a saman ruwan yana sauka, famfon ciki yana buɗewa ya ƙaro wani. Haka abin yake ta zagaye muna barci. Ya ce ruwan bohol ne yake saurin cinye waɗannan robobi, saboda yashi da farin gishirin da yake bari a jikinsu. Ya ƙara da cewa duk ruwan nan da ke zurarewa a sokawenmu yake tarewa, ga damina ƙasa ta riga ta ƙoshi, ina zai tafi?

Wannan gwaji na bula shi ne abin da ya fi burge ni a duk aikin. Babu guduma, babu ko sisi, kuma ko ni yanzu zan iya yinsa.

Daga nan suka fita bayan gida, wajen ɗan ramin nan mai murfin siminti inda bututan banɗakuna suke haɗuwa kafin su shiga sokawe, wanda su suke kira cemba. Ni shekarata tara a gidan ban san na mene ne ba, tukunyar fulawa ma na ɗora a kai. Da suka ɗaga murfin, ya sa ɗana ya kora ruwa a banɗaki ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsugune yana kallo. Na falo da namu suka zo da gudu, na yara kuwa sai ɗigo. Ya ce to, bututu bai fashe ba, abu ne ya tsaya a hanya. Ya zura wata doguwar waya mai murɗawa ta cikin cembar, ya yi ta juyi yana ja. Abin da ya fito ba na faɗa a gaban abinci ba ne: famfas biyu sun kumbura sun yi suntum, ledar ruwa, tarin gashi, da buroshin goge baki da muka daɗe muna nema. Sai a lokacin na gane tambayar mai goyo. Bututun masai inci 4 ne kacal, famfas kuwa shan ruwa shi ne aikinsa, ba ya narkewa.

Na ce, "Malam, da an zuba asid ɗin da ba sai an sha wannan wahala ba?" Ya ce asid ba ya cin leda, ba ya cin famfas. Abin da zai yi kawai ya lalata robobin mahaɗa, ya kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a cikin ramin. Ya kuma ja min kunne a kan abu biyu. Kar a kuskura a haɗa Hypo da asid ko wani maganin wanke masai, domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne, a rufaffen banɗaki yana iya sumar da mutum. Sannan ko waya ce ta faɗa, kar a bar kowa ya shiga ramin sokawe, kar kuma a leƙa shi da ashana. Iskar ciki tana kashewa, tana kuma kamawa da wuta.

Saura wari. Ni na ɗauka toshewar ce, shi ya ce da sauran magana. Ruwan nan da kullum yake kwance a gindin masai ba a banza yake ba, shi ne yake tare iskar rami kada ta shigo ɗaki. Na yara kuwa ƙasa yake yi sosai bayan kowace kora. Ya sa yaronsa ya hau tsani ya duba bututun da ya miƙe ta jikin bango har saman kwano, wanda yake fitar da iska. Hularsa ta faɗi tuntuni, tsuntsu ya cika bakin da ciyawa. In iska ba ta samu hanya ta can ba, sai ruwan da aka kora ya zuƙe na gindin masan ya tafi da shi, ƙofa ta zauna a buɗe. Suka zaƙulo sheƙar, suka sa sabuwar hula mai raga. A bayan masan kuma, inda yake haɗuwa da bututu, magina siminti suka dama suka liƙe maimakon robar mahaɗa, ga shi ya tsattsage. Wannan ma ya sake.

Wajen kuɗi bai yi min rufa-rufa ba. Ya rubuta kayan a takarda, ya ce ɗana ya bi shi kasuwa a saya a gabansa. Kayan cikin tanki kala biyu suka tarar, mai araha da mai ɗan tsada. Ya ce a sayi mai tsadan, don robar mai arahar ba ta jure ruwan bohol. Kuɗin hannunsa ya yanka, na taya, muka daidaita, duka-duka bai kai rabin abin da na farkon ya nema na fasa tayil kaɗai ba. Rasit dai babu, kuma ban ji daɗin yadda suka bar min bayan gida ba. Abin da suka ciro nan suka tara shi a gindin bango, sai da na yi magana yaron ya kwashe, yana wani cin magani. Garin ɗaura murfin zama na masai kuma suka karya min kunnen murfin ɗaya, ba su faɗa ba sai da na gani da kaina.

Bayan kwana tara na ga ɗigo a ƙarƙashin tankin falo. Sai da na yi kwana biyu ina kira kafin ya zo, amma da ya zo ya ɗaure, ya kawo sabon kunnen murfin, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Ya tuna min a wanke tankin sama saboda yashi, a kuma kira motar kwashe sokawe da zarar ruwa ya ɗauke, don namu ya kusa baki. Wannan ba aikinsa ba ne, bai kuma yi ƙoƙarin cusa min wani nasa ba.

Yanzu kwana biyu muke yi kafin a sake kunna samo. Na ajiye kwandon shara mai murfi a kowane banɗaki, tukunyar fulawa ta bar kan cemba. 'Yar aikina kuwa na saya mata turmin atamfa, ta karɓa tana ta godiya, har yau ban iya gaya mata dalili ba.