Kafin ka sayi injin wanke bakin faiba a Garwa

Wani ƙanena a sana'a, yaro mai ƙwazo da ke ja wa gidaje da ofisoshi faiba, wayar intanet ta gilashi, a nan Garwa, ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Inji ne a wata masana'anta a China: hannun ƙarfe ya ɗauko kwando cike da fararen bakunan konekta, wato kan da ake jona faiba da shi, ya tsoma a tanki na farko, ya ciro, ya kai na biyu, har ya dire shi a ɗakin busarwa, ba wanda ya sa hannu. A ƙasa ya rubuto: "Yaya, wannan fa? In na tara kuɗi shi zan yo oda, na huta da komawa gidan mutum sau uku." Na ce masa ya zo shago, maganar ta fi ƙarfin saƙon murya.

Damuwarsa gaskiya ce. Hanyar da haske ke bi a cikin faibar da muke ja faɗinta wajen maikiron 9 ne, a tsakiyar gilashi mai maikiron 125 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Gashin kai ɗaya ya ninka wannan hanya sau da yawa a kauri. Ƙwayar ƙura guda ta zauna a kanta, haske ya ragu ko ya koma baya. Abin takaicin shi ne in ka cusa konektar a haka, sifirin da ke cikinta zai danne ƙurar tsakanin gilashi biyu, ta ƙwarzane su, ka ɓata naka ka ɓata na cikin akwati. Layin GPON kuma, tsarin da ake kai faiba gidaje da shi, ba shi da rarar haske mai yawa: na ajin B+ asarar hasken da yake iya ɗauka dB 28 ce kacal daga ofis zuwa gida, kuma sifilita, mai raba hasken zuwa gidaje da yawa, ta riga ta cinye kaso mafi tsoka. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gadar Binuwai, cire murfin konekta ka ajiye ta minti ɗaya ya isa ƙura ta hau ta.

To, injin da ya gani na altirason ne. Me irin wannan inji yake yi? Tanki ne na ƙarfe, a ƙarƙashinsa an liƙa wasu faifai masu girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji. Na kasuwa yawanci kilohaz 40 ne, wato girgiza 40,000 a daƙiƙa. Girgizar na haifar da ƙananan kumfa da ke fashewa nan take, fashewar ce ke ɓamɓaro datti daga lungun da tsumma ba ya kaiwa. In adadin girgizar ya yi ƙasa, kumfan manya ne masu ƙarfi, sun dace da kabireta da kayan ƙarfe. In ya hau zuwa 80 ko 120, kumfan sun fi ƙanƙanta da laushi, su ne ke ɗauke ƙurar da ido ba ya gani ba tare da sun lalata abin da ake wankewa ba.

Wanda ƙanena ya gani a bidiyo, wurinsa masana'anta. Can ne ake manna faiba a cikin farin bakin nan na zirkoniya, wani tangaran mai ƙarfi, da gam, a gasa, a goge shi a kan takardar gogewa mataki-mataki. Bayan gogewa akwai ragowar gari da maiƙo, kuma bakunan dubbai ne a yini. Shi ya sa ake jera tankuna: na ruwan sabulu mai ɗumi, na ɗauraya, na ɗauraya da ruwan da aka tace ma'adinansa, sai iska mai zafi da ta bi ta matata. Amfanin sarrafa kansa shi ne kwando na ɗari ya sami wankin da na farko ya samu, ba gajiya ba mantuwa. Amma dubi abin da yake nema a wurinka. Manyansu wutar layi uku suke ci. Suna son na'urar tace ruwa da ake sauya mata ƙwayoyi lokaci-lokaci. In katin kwamfutarsa ya ƙone, sai ka jira kaya daga waje su sauka Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan mota ta kawo. Mu da wutarmu ke dogara da madatsar Lagdo, kowa ya san yadda ake ciki in ruwa ya ja baya da rani. Ko duk wannan ya samu, in ɗakin da kwandon zai fito ba a rufe yake da iska tatacciya ba, ka wanke ne kawai hunturu ya sake shafawa. In ba kai kake ƙera jaretiyar, wato guntuwar faiba mai konekta a bakinta biyu, da kanka kana sayar wa ƙasa ba, wannan inji kaya ne a kan kaza.

Iri na biyu shi ne ƙaramin tanki na kan tebur, mai cin lita ɗaya zuwa uku, irin wanda masu gyaran waya da maƙeran zinariya ke ajiyewa. Wannan yana da gurbi a shagon da ake goge konekta da hannu, ko ake kwance adafta, mahaɗar konekta biyu, a wanke zoben da ke cikinta. In za ka saya, ga abin da nake dubawa. Ya zama na 220 V, domin akwai na 110 V da ake yi wa kasuwar Amurka, kuma mai sayarwa ba lallai ya tambaye ka ba. Ya zo da kwando, kada kaya su zauna a ƙasan tanki, kuma bakunan su tsaya kowanne a raminsa, don in suna gogar juna a cikin ruwa ka jawo ƙwarzanen da kake gudu. Ya kasance da agogo, da maɓallin fitar da iskar da ke cikin sabon ruwa. Ranar da ya iso, ka tsoma takardar alminiyom ta girki minti ɗaya: in injin na aiki za ka ga ƙananan huji sun bazu a jikinta, in wani ɓangare ya fito lafiya lau, to can girgizar ba ta kaiwa. Kada ka kunna shi babu ruwa, kuma ka sa masa regilato mai daidaita ƙarfin wuta.

Maganar ruwa na son a tsaya a kanta. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse in ya bushe yana barin farin tabo a kan gilashi, ka koma gidan jiya. Tataccen ruwa ake so. Ka yi hattara in ka aiki yaro ya sayo "ruwan batir": a bakin mutane da yawa wannan suna na nufin asid. Barasar kanti ta kashi 70 ma ba ta yi ba, saura ruwa ne, tana jinkirin bushewa ta bar zobe. Aisofurofil, wani irin barasar gogewa, mai kashi 99 ake amfani da shi, shi kuma tartsatsi kaɗan na sa shi kama wuta tun a zafin digiri 12, balle a Afrilun Garwa da ake wuce 40. Kada ka cika buɗaɗɗen tanki da shi ka kunna hita. Akwai ɗan injin altirason da aka yi musamman don wanke tsirarar faiba kafin a sa ta a sudos (injin narkar da faiba biyu su haɗe), mai ƙaramin kofi da murfi. Wannan daban ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne jefa jaretiyar sukutum, da robarta da sifirinta, cikin tanki. Ruwa zai shige cikin jikin konektar ya ɓuya. Ka duba baki ka ga yana ƙyalli, ka haɗa, bayan kwana biyu zafin akwati ya turo ruwan ya malalo kan gilashi. Konektar da aka riga aka haɗa, bakinta kawai ake gogewa.

Wannan ya kawo mu kan kayan da ke shiga jakar aiki. Alƙalamin nan da ake dannawa ya yi ƙara, zare ne a ciki yake juyawa ya share baki, kuma yana shiga ramin adafta ya goge konektar da ke ciki ba tare da an kwance akwati ba. Yana yin ɗaruruwan gogewa kafin ya ƙare. Iri biyu za ka riƙe: na milimita 2.5 don konekta irin SC da FC da ST, da na 1.25 don LC. Kaset mai ƙyalle irin Cletop ya fi sauri in konektar na hannunka, ana kuma sauya masa naɗi. Rauninsu ɗaya a wurinmu: goge busasshen baki a busasshiyar iska na tara wutar da ke jawo ƙura, kamar yadda roba ke kama gashi in ka goga ta a riga. Da hunturu nakan ɗiga ruwan gogewa kaɗan a gefen ƙyallen da ba ya zubar da zare, in ja bakin daga jiƙaƙƙen wuri zuwa busasshe, sau ɗaya, ba komowa.

Amma duk cikinsu, wanda na ce wa ƙanena ya fara saya ba ya wanke komai. Madubin duba baki ne, mai girmama abu sau 200 ko 400. Ba tare da shi ba kana goge-goge ne a duhu, ba ka san ko ka cire dattin ko ka matsar da shi tsakiya ba, ba ka kuma bambance ƙura da ƙwarzanen da sai dai a sauya konekta. Har sabuwar jaretiyar daga leda ana dubawa, domin murfin roba kansa kan bar maiƙo. Ka zaɓi mai kyamara da allo ko mai haɗuwa da waya, ba wanda ake kafa ido a kai ba: hasken da ke bin faiba ba a ganinsa, amma yana illata ido. Masu tsada suna yanke hukunci da kansu bisa ƙa'idar IEC 61300-3-35, su ba ka rahoton da za ka nuna wa wanda ya ba ka kwangila. Ka tabbatar an haɗo maka da kan duba koriyar konekta, APC, mai karkatar digiri 8, domin kan shuɗiya ba ya nuna ta daidai, kuma koriyar ce ta cika gidajen da ake kai wa faiba.

Ƙanena ya yi odar madubi mai kai huɗu, alƙalami biyu, kaset ɗaya da naɗi biyu na ajiya. Tankin tebur ya ce sai ranar da ya fara goge konekta da kansa. Ragowar kuɗin ya sayi akwatin roba mai rufewa kam, don ya daina zuba jaretiyar a jaka ɗaya da filaya da goro.