Giya mai rai da giya mai gas a tsohuwar mashayar Nottingham

A gindin dutsen da fadar Nottingham take kai, a Ingila, akwai mashayar Ye Olde Trip to Jerusalem, wadda aka sassaƙa wasu ɗakunanta a cikin dutsen. An rubuta 1189 a bangonta a matsayin shekarar kafa ta, ko da yake masana tarihi suna tababa a kan shekarar. A irin waɗannan mashayu giya iri biyu ake zuba wa masu sha.

Ta farko ita ce Turawan ke kira "real ale". Ba a dafa ta don kashe yis, yana nan da ransa a cikin ganga, tana ci gaba da nuna a ɗakin ƙasa. Da famfon hannu ake jawo ta, sanyinta kuma bai wuce digiri 11 zuwa 13 a ma'aunin Celsius ba. Aibinta ɗaya: da zarar an buɗe ganga, cikin 'yan kwanaki sai ta yi tsami. Wanda ya san burukutu ya san wannan hali, ba ta son kwana.

Ta biyun tacacciya ce, iskar gas ke turo ta, ta fi sanyi, ta fi daɗewa, kuma ɗanɗanonta na yau shi ne na gobe. Mai mashaya ya fi samun kwanciyar hankali da ita.

Wannan sauƙin ne ya kusa kashe ta farkon, har wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA, mai fafutukar kare "real ale", a 1971 don ceto ta. A ganina, ta farkon ce ta dace da gini irin wannan, domin sanyin kogon dutsen shi ne ainihin abin da take buƙata.